Idan Kotu Ta Ba Da Umarnin A Duba Ƙwaƙwalwa Ko Shaye-shayen Ɗan'uwanku: Matakan Da Za Ku Bi

Tambaya ɗaya ce take ta zuwa mini daga bakuna daban-daban, yawanci daga iyaye mata da yayye maza: "Alƙali ya ce a kai yaron asibiti likita ya duba kansa, an ɗage shari'a, to yanzu mu me za mu yi?" Wasu ɗansu yana gidan gyaran hali, wasu yana gida a hannun beli, wasu kuma jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ne suka kama shi da ƙwaya aka gurfanar da shi. Abin da ya haɗa su shi ne an fito daga kotu babu wanda ya zaunar da su ya faɗa musu daga ina za a fara.

Ga matakan a jere, yadda ake bin su a kotunan Najeriya. Wannan ba zai ɗauke muku buƙatar lauya ba, amma zai sa ku san abin da za ku tambaye shi da abin da za ku tsaya a kai. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne umarnin alƙali ba ya tafiya da ƙafarsa. Idan babu ɗan'uwan da ya tsaya yana bin takarda daga kotu zuwa asibiti, daga asibiti zuwa kotu, mutum yana iya daɗewa a tsare a kan gwajin da doka ta ɗiba wa wata guda.

Mataki na 1: Ku gane tambayar da alƙali ya yi wa likita

Ba kowane "a duba shi" ne yake nufin abu ɗaya ba. Tambayoyi uku ne kotu take yawan yi, kuma kowacce da inda take kai mutum.

Ta farko: a yau ɗin nan, wanda ake tuhuma yana da hankalin da zai fahimci tuhumar, ya bi abin da ake faɗa a kotu, ya yi wa lauyansa bayani? Wannan ita ce ta sashe na 278 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Jihohi sun yi nasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar ta ce idan kotu ta ga alamar mutum ba zai iya kare kansa ba saboda halin da hankalinsa yake ciki, sai ta ba da umarnin likita ya duba shi.

Ta biyu: a lokacin da abin ya faru, yana cikin hayyacinsa? Wannan tambaya ce ta baya, ba ta yau ba. Sashe na 51 na dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ya ce ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata alhali taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Wasu jihohi sun sabunta dokarsu sun canja lambobin sassan, amma ƙa'idar tana nan.

Ta uku: yana shaye-shaye? Me yake sha, ya kai matakin da ba ya iya bari, kuma wane magani ne zai dace da shi? Wannan ta fi fitowa wajen beli, ko lokacin da alƙali yake auna hukuncin da zai yanke.

Gargaɗi: mutum yana iya samun lafiya yau alhali ba shi da ita ranar da abin ya faru, haka kuma akasin haka. Idan umarnin ya yi tambaya ta farko kawai, likita ita kaɗai zai amsa. Idan abin da kuke so a tabbatar shi ne halin da yake ciki a ranar, sai lauya ya nemi a rubuta hakan a cikin umarnin.

Gargaɗi na biyu, kuma wannan yana da nauyi: maye ba hauka ba ne a idon doka. Wanda ya sha tramol ko wiwi da kansa ya aikata abu, doka tana ɗaukarsa kamar ya san abin da yake yi. Sassaucin da Penal Code ya yi na wanda aka ɗirka wa abin maye ne ba da saninsa ba ko bisa tilas. Kada ku shiga kotu da fatan "ai a buge yake" za ta wanke shi.

Mataki na 2: Ku samu lauya kafin ku motsa

Idan kuna da halin ɗaukar lauya, ku tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa riƙe shari'ar da aka kira likitan ƙwaƙwalwa. Idan babu hali, akwai hukumar ba da lauya kyauta ta tarayya, Legal Aid Council, tana da ofis a manyan biranen jihohi. Ku je da lambar ƙarar da sunan kotun da ranar da za a koma.

Idan kotu ba ta lura da halin ɗan'uwanku ba, ku ne kuka san ya daɗe yana magana shi kaɗai ko ya taɓa kwanciya a asibiti, lauya ne zai tashi ya roƙi a ba da umarnin gwajin. Ku faɗa masa tun zaman farko. A ƙarƙashin dokar shaida ta 2011, wanda ya kafa hujja da taɓin hankali shi ne zai kawo abin da zai tabbatar da ita, ba mai gabatar da ƙara ba. Wato nauyin yana kanku.

Mataki na 3: Ku karɓi umarnin a rubuce

Maganar da alƙali ya yi a zaure ba za ta shigar da kowa asibiti ba. Ku je wurin magatakardan kotun ku nemi kwafin umarnin mai hatimi da sa hannu, a biya kuɗinsa a ba ku rasit. Sau da yawa ana haɗa shi da wasiƙa daga kotu zuwa ga shugaban asibitin.

Kafin ku bar harabar kotu ku karanta shi, ko a karanta muku. Ku duba sunan mutumin ya yi daidai da wanda yake kan takardar tuhuma da katin shaidarsa, ku duba lambar ƙara, sunan asibitin da aka ambata, tambayar da aka yi wa likita, da ranar da za a dawo. Harafi ɗaya da ya kauce a suna yana iya sa asibiti ya mayar da ku. Ku yi hotonsa kwafi da yawa, ku ɗauka a waya, asalin kuma ku ajiye a gida a leda.

Gargaɗi: kada ku ɗauka masinjan kotu ya kai wasiƙar don kawai an ce zai kai. Ku bi sawu, ku tabbatar an buga wa kwafinku tambarin "an karɓa" da kwanan wata a ofishin shugaban asibitin. Wannan tambarin shi ne shaidarku ranar da aka fara tambayar wa ya jawo jinkiri.

Mataki na 4: Asibitin da za a je

Idan umarnin ya ambaci asibiti, can za a je, ko da kuna da likitan da kuka saba da shi a wani wuri. In akwai dalilin sauyawa, kamar nisa ko rashin gado, lauya zai koma kotu ya nemi a gyara. Idan bai ambata ba, ku nemi asibitin gwamnati da yake da babban likitan ƙwaƙwalwa. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jos, duk suna da sashen ƙwaƙwalwa. Na Barnawa yana da ɓangare na musamman na masu fama da shaye-shaye.

Wanda yake tsare, jami'an gidan gyaran hali ne za su kai shi, ba ku ba. Naku shi ne ku kai kwafin umarnin ofishin walwala na gidan, ku haɗa su da ranar da asibiti ya bayar, ku kasance a asibitin ranar. Wanda yake kan beli kuwa, ku da wanda ya tsaya masa ku ne za ku kai shi, kuma rashin zuwa yana iya jawo a soke belin.

Gargaɗi: takardar malamin ruƙiyya, ko ta mai gidan mari, ko ta mai kemis, ba ta maye gurbin rahoton likita a kotu. Ba na hana kowa addu'a, ana yin ta tare da magani. Amma gidan mari daban ne. Waɗanda suka ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna cikin Satumban 2019, mutum sama da 300 wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, sun san ba wurin warkewa ba ne. Kuma ɗauke wanda yake da shari'a a kai shi irin wannan wuri ba da sanin kotu ba, ƙara wa kai wata matsalar ce.

Mataki na 5: Abin da za ku tattara

A nan iyali suke da tasiri fiye da ko'ina. Likita zai ga mutumin na ɗan lokaci ne, ku kuwa kun san shi tun yana goye. Ku haɗa:

kwafin umarnin kotu da takardar tuhuma, katin shaida, duk wani katin asibiti na baya, ko da na shekara goma ne, da takardun sallama da na rubutun magani, kwalaye da fakitin duk maganin da yake sha yanzu, har na tari da na mura da na gargajiya, sakamakon duk wani gwaji da aka taɓa yi masa, musamman idan yana da farfaɗiya ko ya taɓa buguwa a ka a haɗari.

Sannan ku zauna a gida ku rubuta tarihin a takarda, a jere. Yaushe aka fara ganin canji? Me aka fara gani, rashin barci ne, ko tsoro, ko faɗa, ko daina wanka? Yaushe ya bar makaranta ko aiki? Yaushe aka fara samun ƙwaya a aljihunsa, kafin canjin ne ko bayansa? Wannan tambaya ta ƙarshe likitoci suna ba ta muhimmanci ƙwarai, domin ita take taimaka musu su bambance ciwon da ƙwaya ta tayar da ciwon da ya riga ƙwaya zuwa. In ba ku tuna wata da shekara ba, ku ɗaura da abin da kuka tuna: azumin bara, bikin ƙanwarsa, rasuwar mahaifinsa.

Ku zaɓi mai rakiya wanda suke kwana gida ɗaya da shi. Kawun da yake zuwa sallah-sallah, komai girmansa a dangi, ba zai iya faɗin ƙarfe nawa yaron yake barci ba. Uwa, mata, ko ɗan'uwan da suke ɗaki ɗaya sun fi amfani. In da wanda ya gan shi a kwanakin da abin ya faru, a zo da shi.

Gargaɗi: kada a ɓoye cewa akwai mai irin wannan lalura a dangi. Na san dalilin ɓoyewar, ana tsoron a hana 'yan matan gidan aure. Amma wannan bayani yana iya zama abin da zai sa likita ya gane ciwon da wuri. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Mataki na 6: Kuɗi

Cewa kotu ce ta aiko ba ya nufin kyauta ne. A aikace, yawanci iyali ne suke ɗaukar nauyi. Ku yi lissafin waɗannan: buɗe kati, ganin likita, gwajin fitsari na ƙwaya, gwajin jini, kuɗin rubuta rahoto, kuɗin mota na zuwa fiye da sau ɗaya. Idan za a kwantar da shi, akwai kuɗin ajiya na gado da abinci da magani, kuma wannan shi ne mafi nauyi nesa ba kusa ba. Idan likita ya nemi hoton ƙwaƙwalwa ko gwajin farfaɗiya, wannan ma daban.

Farashi ya bambanta daga asibiti zuwa asibiti kuma yana canjawa, don haka ku je sashen kuɗi a ranar farko ku ce a rubuta muku kuɗin kowane abu. Ku biya a inda aka tanada, ku karɓi rasit, ku tara su a wuri ɗaya. Idan babu hali, ku nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, kuma lauya ya sanar da kotu a rubuce, don kada a ɗauki rashin kuɗi a matsayin ƙin bin umarni.

Gargaɗi: duk wanda ya tare ku a baranda ya ce ku kawo wani abu a "gyara" rahoto, ku rabu da shi. Likitan da ya sa hannu ana iya kiransa kotu ya rantse, lauyoyi su yi masa tambayoyi. Rahoton bogi idan ya tonu sabon laifi ne a kan wanda ya gabatar da shi.

Mataki na 7: Ranar ganin likita

Ku yi sammako, layin kati yana da tsawo. A ci abinci, a sha maganin da likita ya rubuta kamar kullum.

Likita zai zauna da mutumin, sau da yawa shi kaɗai da farko, sannan ya kira mai rakiya. Zai tambayi tarihinsa tun haihuwa, karatu, aiki, aure, barci, cin abinci, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko yana ganin ana bin sa, ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Zai tambaye shi yau wace rana ce, ina ne nan, ya ba shi wasu kalmomi ya riƙe ya maimaita. Idan tambayar kotu ta iya tsayawa shari'a ce, zai ce masa: me ake tuhumarka da shi, mene ne aikin alƙali, mene ne bambancin ka ce ka aikata da ka ce ba ka aikata ba. A ɓangaren shaye-shaye akwai jerin tambayoyi na Hukumar Lafiya ta Duniya, ASSIST da AUDIT, da ake auna yawan sha da haɗarinsa da su. Wani lokaci masanin halayyar ɗan'adam zai yi nasa gwajin daban, jami'in walwala kuma ya tattauna da iyali.

Idan likitan ba ya jin Hausa kuma mutumin bai iya Turanci sosai ba, ku nemi tafinta daga ma'aikatan asibitin. Kada ku yarda a lallaɓa da guntun Turanci. Amsar da ta fito a karkace saboda harshe tana iya kama da ruɗewar tunani. Kuma ɗan'uwa bai dace da tafinta ba, domin zai riƙa gyara maganar ba tare da ya sani ba.

Akwai abu ɗaya da dole wanda za a duba ya sani kafin ya shiga: wannan zama ba irin ganin likita na yau da kullum ba ne da magana take tsayawa a ɗaki. Abin da ya faɗa yana iya shiga rahoto, rahoton kuma alƙali da mai gabatar da ƙara za su karanta. Saboda haka ya zauna da lauyansa tukuna a kan yadda zai yi idan aka zo kan abin da ake tuhumarsa da shi. Amma game da lafiyarsa da abin da yake sha, gaskiya ce take taimakonsa. Wanda ya ce sigari kawai yake sha, fitsari ya nuna wiwi da ƙwayar barci, ya zubar da amincin sauran maganarsa gaba ɗaya.

Gargaɗi ga iyali: kada ku koya masa haukan ƙarya. Ana yi, kuma yana ƙarewa da nadama. Mai kwaikwayo yakan wuce gona da iri, ya manta sunansa amma ya tuna lokacin abinci, ya yi ta ihu gaban likita ya koma hira da dare. Ma'aikatan jinya suna rubuta abin da suka gani safe da dare. Haka nan kada ku koya wa mai ciwo na gaske ya ɓoye ciwonsa don kunya. Ku ma masu rakiya, ku faɗi abin da kuka gani da ido. Idan kun yi imani sammu ne ko iska, ku faɗa, likitocinmu sun saba ji, amma ku haɗa da bayanin abin da yake yi a zahiri: kwana nawa bai runtsa ba, me yake cewa, wa ya daka.

Mataki na 8: Gwajin fitsari

Ana karɓar fitsarin a asibitin, sau da yawa da ma'aikaci a kusa, a tsoma abin gwaji, sakamako ya fito cikin mintuna. Kowace ƙwaya da tsawon zamanta a jiki. Kodin da tramol kwanaki kaɗan ne. Wiwi ga mai sha jefi-jefi kwanaki ne, amma ga mai sha kullum yana iya kai wata guda. Ƙwayoyin barci irin su diyazefam suna iya daɗewa fiye da mako ga wanda ya saba da su.

Abubuwa biyu ya kamata ku sani. Na ɗaya, fitsari mai tsabta ba ya nufin mutum ba ya shaye-shaye. Wanda ya yi wata biyu a tsare zai iya fitowa ba komai. Sholisho ba ya fitowa a gwajin da aka saba yi, tramol ma sai abin gwajin yana da layinsa na musamman. Shi ya sa likita ba ya dogara da fitsari kaɗai. Na biyu, gwajin gaggawa yana iya yin kuskure. Maganin tarin fuka rifamfisin yana iya fitowa kamar dangin kodin, maganin ƙanjamau efabirenz yana iya fitowa kamar wiwi, wasu magungunan mura kuma kamar ƙwayar ƙara kuzari. Wannan ne dalilin zuwa da kwalayen magani, kuma a nuna su kafin a yi gwajin, ba bayan sakamako ya fito ba. Idan sakamakon ya saɓa wa abin da kuka tabbatar, lauya ya nemi a sake tantancewa a babban ɗakin gwaji.

Gargaɗi: ɗirkar ruwa, shan tsamiya ko lemon tsami, ko shigo da fitsarin ƙane, duk an san su. Fitsarin da ya tsinke da ruwa ko ya zo da sanyi ana ganewa, kuma za a rubuta cewa an yi yunƙurin maguɗi.

Gargaɗi mafi muhimmanci a wannan mataki: wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam ko rochi, kada a sa shi ya yanke lokaci guda a gida don fitsarinsa ya fita fes. Yankewa farat ɗaya tana iya kawo jijjiga da ruɗewa, har ta kai ga rasa rai. A hannun likita ake sauka daga waɗannan, a hankali.

Mataki na 9: Idan aka ce sai an kwantar da shi

Zama ɗaya ba ya isa a shari'o'i masu nauyi. Dokar ACJA ta 2015 ta ba kotu damar tura mutum a lura da shi na tsawon da bai wuce wata guda ba, kuma kafin wa'adin ya cika likita zai ba kotu ra'ayinsa a rubuce. Idan bai kai ga matsaya ba, zai sanar da kotu ya nemi ƙarin lokaci. Ku rubuta ranar da aka kwantar da shi, ku ƙirga. Idan wata ya kusa cika babu rahoto babu neman ƙari, ku tashi lauya.

Ku riƙa ziyara a lokutan da aka ware. Ku san sunan likitan da yake kula da shi da lambar fayil ɗinsa. Kada a shigar masa da komai a ɓoye, ko sigari ne, balle ƙwaya "don ya samu barci". Kuma ku sani yana da haƙƙi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi a mutunta mai wannan lalura kuma a kare shi daga cin zarafi. In kun ga rauni a jikinsa ko wani abin da bai kwanta muku ba, ku kai maganar ga shugaban ɗakin, ku faɗa wa lauya.

Mataki na 10: Bin rahoto

Nan ne aka fi yin sakaci, domin kowa ya gaji, ana ganin an gama. Rahoton na kotu ne, a rufe ake aika shi ga magatakarda, ba a miƙa wa iyali a hannu su kai yadda suka ga dama. Amma ku ne za ku tambaya: an rubuta? Babban likita ya sa hannu? An buga hatimi? Wa zai kai, yaushe? Bayan an kai, ku je wurin magatakarda ku tabbatar ya shiga fayil ɗin ƙarar kafin ranar zama, ba da safiyar ranar ba. Zaman da aka zo babu rahoto ɗagewa ce kawai, kuma ɗagewa ɗaya tana iya cin makonni.

Lauya ya nemi kwafi ta hannun kotu, ku zauna ya fassara muku shi layi-layi. Ku duba suna da shekaru da ranaku, ku duba ko ya amsa tambayar da aka yi. Idan an yi kuskure a tarihi, misali an rubuta bai taɓa kwanciya a asibiti ba alhali kuna da takardar sallama, lauya zai iya nuna wa kotu, ya nemi a kira likitan ya yi bayani, ko ya roƙi wani likitan ya sake dubawa. Ra'ayin likita shaida ce mai ƙarfi, amma alƙali ne mai yanke hukunci.

Mataki na 11: Abin da zai iya biyo baya a kotu

Idan rahoto ya ce zai iya kare kansa, shari'a za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wannan ba ya nufin an same shi da laifi, kuma ba ya hana lauya kawo batun halin da yake ciki a ranar da abin ya faru.

Idan rahoton ya ce ba zai iya ba, za a dakatar da shari'ar, ba a kore ta ba. In laifin na beli ne, kotu tana iya miƙa shi ga dangi bisa alƙawarin za su kula da shi, su hana shi cutar da kansa ko wani, su kawo shi duk ranar da aka nema. Wanda zai sa hannu a wannan alƙawari ya auna kansa da kyau. Idan mara lafiyar ya samu sauƙi za a dawo a ci gaba da shari'ar.

Idan kuma a ƙarshen shari'a kotu ta gamsu ya aikata abin amma ba ya cikin hankalinsa, kada ku zaci gida za a tafi a ranar. Doka ta ce a ajiye shi a wuri mai tsaro har sai hukuma ta ba da umarni na gaba, kuma wannan ajiya ba ta da ranar fita a rubuce kamar yadda hukuncin ɗauri yake da ita. A ƙaramin laifi, wannan hanya tana iya tsare mutum fiye da hukuncin laifin kansa. Ku tattauna wannan da lauya tun kafin a ɗauki hanyar.

A shari'ar ƙwaya, wadda Babbar Kotun Tarayya take saurara, dokar NDLEA ta ba alƙali damar haɗa hukunci da umarnin magani da gyaran hali, ga ƙaramin yaro kuma yana iya ba da wannan a madadin hukunci. Rahoton da ya nuna mutum mai fama da jaraba ne, ya kuma faɗi irin maganin da ya dace da inda za a yi shi, shi ne abin da lauya zai riƙe ya roƙi sassauci.

A kotunan shari'ar Musulunci ma ana neman irin wannan rahoto, a ƙarar raba aure ko ta riƙon yara, idan ɗaya ya ce ɗayan yana da taɓin hankali ko yana shaye-shaye. Matakan takarda da asibiti duk ɗaya ne.

Mataki na 12: Cika sharuɗɗan da aka gindaya

Idan kotu ta sake shi bisa sharaɗin zuwa asibiti, sharaɗin umarni ne, ba shawara ba. Ku sayi littafi guda. Duk zuwa asibiti a rubuta rana, a manna rasit, a sa ma'aikaci ya sa hannu a kati. Duk gwajin fitsarin da aka maimaita a ajiye kwafinsa. Idan an rasa wata rana saboda rashin lafiya ko yajin aiki, a sanar da lauya a ranar, a karɓi sabuwar rana a rubuce.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne daina magani da zarar an ga sauƙi. Yaro ya fara barci, ya koma kasuwa, sai a ce ya warke, ko shi ya ce maganin yana sa shi nauyin jiki da dalalar miyau. Waɗannan illoli ana iya gyara su, a rage ko a canja magani, amma likita ne zai yi. In shan ƙwayar magani kullum yana gagara, ku tambayi likita ko akwai allurar wata-wata da ta dace da ciwonsa. Idan kuma ya koma wa shaye-shaye, kada ku ɓoye har ranar kotu ta zo. Ku mayar da shi asibiti a makon, ku karɓi takardar da ta nuna ku da kanku kuka dawo da shi, lauya ya gabatar da ita a zama na gaba.